Ƙunar salansa, da abubuwan da muka zuba mata

Duk wanda ya girma a Garwa, a arewacin Kamaru, in ka ce ya ɗage wando ka duba sharaɓarsa ta dama, da wuya ka rasa wani ɗan tabo mai siffar ƙwai a wurin. Tambarin kalando kenan, wato babur ɗin haya da muke ce wa moto. Ni ma ina da nawa tun ina budurwa, baban yara yana da biyu, to a watan Afrilun da ya wuce autata ita ma ta karɓi nata, shekararta 9, ta dawo daga islamiyya ta sauka ta ɓangaren dama ƙafarta ta manne da salansa, wato eshapma kamar yadda masu moto ke cewa a nan. Da ma moton ya wuni yana zirga-zirga tsakanin Yelwa da babbar kasuwa cikin wannan ranar da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen nan ko nama ka ɗora masa sai ya gasu.

Ƙunar ba wata babba ba ce, ba ta kai tafin hannunta ba. Abin da ya maida ta babba mu ne.

Ina kicin na ji ihu, kafin in fito tsakar gida har an taru. Mai moton, bawan Allah, duk ya rikice yana ta ba da haƙuri yana cewa Hajiya a sa makilin yanzu-yanzu, su abin da suke sawa kenan. Inna, surukata, ta riga ta aika a ɗauko. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana cewa a fasa ɗanyen ƙwai, wata ta ce manja, wani yaro har baƙin man inji ya ambata wai shi ogansa yake sawa a gareji. Ni kuma uwar yarinya da na yi boko har na gama lise, wato babbar sakandare, ina tsaye riƙe da ludayi, ban ce uffan ba aka lafta mata makilin fari fat kamar ana shafen bango. Ta yi shiru na ɗan lokaci saboda sanyin na'ana'ar da ke ciki, kowa ya ce kun gani ko. Randa kuma tana nan gefenmu cike da ruwa mai sanyi, ba wanda ya kalle ta.

Washegari wurin ya yi bororo ya ɗuri ruwa. Inna ta ƙona allura ta huda, ta ce a bar ruwan nan ciki shi ke cin nama. Daga nan aka sayo kafso wajen mai tebur, irin ja da rawaya ɗin nan, aka buɗe aka barbaɗa garin a kai, aka ce kar a rufe, a bari ya sha iska ya bushe. Kwana biyu ana haka safe da yamma, ciwo ya yi wani ɓawo mai kauri ruwan ƙasa, muna ta murna wai ya kama hanya. A rana ta huɗu yarinya ta tashi da zazzaɓi, gefen ciwon ya yi ja ya kumbura yana sheƙi, in ka danna ɓawon mugunya na fitowa ta ƙasa, ga kaluluwa ta fito mata a matsematsi ko takawa ba ta iyawa. Garin neman gira dai.

Addata infirmiya ce, wato ma'aikaciyar jinya, tana aiki a Ngaundere, kuma wallahi da gangan na ƙi kiranta tun farko don na san halinta. Da na ga abin ya fi ƙarfina na kira ta bidiyo a WhatsApp na haska mata ƙafar. Ta yi shiru, sannan ta ce "me kuka zuba?" Na fara lissafi. Ta ce "ke yanzu da karatunki? Miya kuke haɗawa ko jinya?" Na ce Adda dan Allah ba lokacin faɗa ba ne. Ta ce in ɗauke ta yanzu in kai ta asibiti, in tafi da karne, wato katin rigakafinta, kar in ƙara sa komai ko da ruwan zamzam ne.

A asibitin ne na ga abin da ba zan manta ba. Duk wannan ɓawon da muke alfahari da shi sai da aka jiƙa shi da serom, ruwan gishirin nan na asibiti, aka ɗaye shi kaf, makilin da garin kafso da matacciyar fata sun haɗu sun zama kamar siminti, ƙarƙashinsa kuma ruɓa ce kawai take ci. Yarinya tana ihu tana kiran Mama, ni ina riƙe da ita ina kuka, mai wankin ciwon ko ɗaga kai bai yi ba, da gani ya saba, abin da ya ce kawai shi ne da kun zuba ruwa kun kawo ta ranar da ko rabin wannan wahalar ba za ta sha ba. Ya wanke da Dakin, wannan ruwan mai launin hoda da ke warin jabel, wato bilicin wanki, ya shimfiɗa wani ƙyalle mai raga-raga da aka jiƙa da basilin, tul gra suke ce masa, ya ɗora kompres, wato ƙyallen rufe ciwo, ya naɗe da bandeji. Aka duba karne aka ga allurar tetanos ɗinta, aka rubuta mana ordonans na maganin sha saboda ciwon ya riga ya shiga jiki, aka ce mu riƙa dawowa duk bayan kwana biyu.

Sati uku muna wannan sintirin. A cikin sati ukun nan kusan kullum da dare sai mun yi waya da Adda, faɗan ya wuce an koma karatu, kuma abin da na koya a wajenta da wanda na bi na karanta da kaina shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abu na farko da ya ba ni haushin kaina shi ne maganar ruwa. Ashe ƙuna ba ta gama ƙonewa a lokacin da ka janye ƙafa, zafin yana nan cikin nama yana ci gaba da dafa shi, shi ya sa abin da ake so a yi shi ne a zuba ruwa mai sanyi yana gudana a kai na minti 20. Minti 20 cur, ba a ɗan watsa a ce an yi ba. Kuma ko an makara, in dai ba a wuce awa 3 ba yana da amfani. In famfo ba ruwa, abin da ba baƙo ba ne a unguwarmu, buta da ruwan randa sun isa, a yi ta zubawa ana ƙarawa. Banda ƙanƙara, ita tana matse jijiyoyin jini ta ƙara kashe fatar. Su kuma makilin da manja da man shanu rufe zafin suke a ciki, ƙwai ɗanye kuma ƙwayoyin cuta zai iya kawowa. Bororon ma da an bar shi, don wannan fatar da ta kumbura ita ce bandejin da Allah ya yi wa wurin, in ya zama dole a fasa to ma'aikacin lafiya ne zai yi da kaya masu tsabta.

Sai maganar a bar ciwo ya sha iska, wadda ni tun tasowata ban taɓa jin wanda ya musa ta ba. Wani masani a Ingila, George Winter, a 1962 ya gwada a jikin aladu, ya yi musu ƙananan raunuka, wasu ya bar su a buɗe suka yi ɓawo, wasu ya rufe da leda suka zauna da danshi, sai ya ga waɗanda aka rufe sabuwar fata ta rufe su da sauri kusan ninki biyu. Dalilin kuma in ka ji shi sai ka ce ai da ma haka ne: sabbin ƙwayoyin fata daga gefen ciwo suke rarrafowa zuwa tsakiya, in wurin da danshi sai su zame su wuce, in ya bushe ya yi ɓawo sai sun yi ta haƙa ta ƙarƙashinsa kamar gara. Aikin tul gra kenan, ba wani magani ne mai ƙarfi a jikinsa ba, basilin ne kawai yake hana wurin bushewa kuma yake hana kompres mannewa, ranar canji ba a ɗaye sabon naman da ya tsiro. Abin dariya wanda ya ƙirƙiro shi, Auguste Lumière, ɗaya ne daga cikin 'yan'uwan nan biyu na Faransa da suka fara harkar silima, lokacin yaƙin duniya na farko ya yi shi saboda sojojin da suka ji rauni. Dakin ɗin ma daga wannan yaƙin ya fito, sunan wani Bature ne masanin haɗa sinadarai, Henry Dakin, a 1915, kuma ɗan'uwan jabel ne da gaske amma an tsarma shi sosai an daidaita shi, dan Allah kar wata ta ji haka ta ɗauko jabel ɗin wanki.

Na tambayi Adda to shi kafson fa, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne, me ya sa bai yi ba? Ta ce an yi shi ne don ya narke a ciki ya bi jini, ba don a barbaɗa ba. Garin yana cuɗewa da ruwan ciwo ya daskare ya toshe, mugunya ta rasa hanyar fita, ɗan abin da ya narke kuma bai isa ya kashe ƙwayoyin ba sai dai ya koya musu yadda za su jure shi, wani kuma daga nan jikinsa zai ƙi maganin, ranar da aka ba shi ya sha ko aka yi masa allurarsa sai ya feso da ƙuraje ko abin da ya fi haka. Haka ta hana ni alkol, wato sifirit, da wannan ruwan mai kumfa, o oksijene, ta ce zafin da suke yi ba alamar aiki ba ce, suna kashe ƙwayar cuta suna haɗawa da sabon naman. Mu kuma a wajenmu in magani bai sa yaro ya yi tsalle ba ai bai yi ba. Betadine mai ruwan ɗorawar kwalba tana da wurinta, amma ita ma ba kullum-kullum a kan ciwon da ya riga ya yi tsabta ba, kuma ba a yi wa jariri sabon haihuwa wanka da ita don aidin ɗin yana ratsa fatarsa ya taɓa masa maƙoƙo. Jan maganin nan da baƙin mai kamar tawada da aka shafe mu da su muna yara, babbar matsalarsu rina wurin suke, likita ya kasa gane ja na kumburi da ja na magani. Wanke ciwo na yau da kullum serom ya isa, kuma serom ba komai ba ne illa ruwa da gishiri, giram 9 a lita ɗaya.

Wannan maganar ta jariri da aidin ita ta buɗe min wani babin da ban taɓa tunani a kai ba, wato abin da ka shafa a fata ina yake zuwa. Ni da a ɗaukata man shafawa a waje yake tsayawa, shi ya sa ba ma jin tsoronsa kamar yadda muke tsoron allura ko ƙwaya. Ashe fata tana da wani ɗan siririn rufi a can sama na matattun ƙwayoyi da aka jera kamar bulo, kitse ne simintin da ke tsakaninsu, kaurinsa duka bai kai na silin gashi ɗaya ba, amma shi ne mai gadin ƙofa. Abin da ƙwayarsa take ƙarama kuma yake narkewa a mai yana iya silalewa ta tsakanin bulon ya kai ga jini, babba kuma ba ya wucewa. Masu ilimin suna auna girman da wani ma'auni dalton, sun ce abin da ya haura kamar 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata, insulin kuwa ya kusa 5,800, shi ya sa har yau masu ciwon suga suke fama da allura ba a ba su man shafawa sun huta ba.

Kuma da wannan ƙofar aka yi dabarar magungunan mannawa, masu kama da filasta. Na farko da aka amince da shi a Amurka a 1979 na masu amai da jiri a tafiya ne, a bayan kunne ake manna shi, daga baya aka yi na masu son barin sigari, da na tsarin iyali da ake canzawa duk sati, da na masu matsanancin ciwo irin na daji wanda yake kwana 3 yana sakin magani a hankali. Adda ta ce irin wannan na ƙarshen zafi yana sa ya saki magani fiye da ƙima har ya iya danne numfashin mutum, shi ya sa ake hana mai shi zama cikin rana ko ɗora ruwan zafi a wurin, na ce to mu mutanen Garwa a watan Afrilu sai dai a manna mana a cikin firiji. Ko man diklofenak ɗin da Inna take murzawa a gwiwa yana shiga jini, kaɗan ne dai, shi ya sa bai cika cin ciki kamar na haɗiya ba, amma ba a shafa shi a kan rauni.

To ka ga in lafiyayyar fata ma tana barin abu ya wuce, ina ga wadda ta ƙone, mai gadin ya tafi gaba ɗaya, duk abin da ka zuba kai tsaye nama yake samu. Kuma ko a lafiyayyar ba ko'ina ne ɗaya ba, fatar fuska da fatar ido da matsematsi da al'aura sun fi shan magani nesa ba kusa ba a kan tafin hannu da na ƙafa. Fatar jariri ta fi ta babba, in kuma aka shafa aka rufe da kush, wato famfas, ko leda to an ninka shigarsa.

Nan ne jikina ya yi sanyi, don akwai wani ɗan tub da ba ya yankewa a gidanmu, irin mai haɗin uku ɗin nan da ake samu a kowane tebur, maganin makero da na ƙwayoyin cuta da kuma kortikoyid a tub guda. Ƙurji, ƙaiƙayi, cizon sauro, zafin kush na jarirai, duk shi muke shafawa, har cikin man kitso na ga ana matsawa. Kortikoyid ɗin ciki, betametazon ko klobetazol, mai ƙarfi ne sosai, yana kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu sai ka ce abin al'ajabi, amma makeron yana nan yana faɗaɗa a ɓoye, ka daina ya dawo ya fi da. In aka daɗe ana shafawa fata tana sirancewa, jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hammata, wanda ya shiga jini kuma yana iya kumbura fuska ya tada suga da hawan jini, yaro kuma ya hana shi girma yadda ya kamata. Shi ne dai sinadarin da ke cikin da yawa daga mayukan bilicin, kuma mu mata mun san wannan, kowace unguwa akwai wadda fuskarta ta yi fari gwiwoyin yatsunta suka yi baƙi. A 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigowa da sayar da mayukan da ke ɗauke da irin su idrokinon da merkur, amma ka shiga kasuwa ka gani da idonka. Abin da Adda ta ce ya fi ba su wahala shi ne ranar da irin wannan matar ta zo haihuwa aka yi mata tiyata, fatar ta yi laushi kamar takardar da ta jiƙe, ɗinki ba ya kamawa da kyau, ciwo ya ƙi rufewa. Ba wa'azi nake ba, ni ma na taɓa shafawa kafin bikina, wata biyu, Allah ya taimake ni kuɗi suka ƙare.

Ko yawan da ake shafawa ashe da ma'auni. In ka matso man shafawa daga kan yatsan manuni zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa ya shafe wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba. Mu kuwa laftawa muke sai wurin ya yi fari, wai don ya fi ji.

Da Inna ta ga an kushe makilin da kafso sai ta koma kan zuma, ta ce to ita ma ku ce ƙarya ce, ga ta a cikin Alƙur'ani. A nan kam Adda ba ta musa ba, ta ce zuma tana aiki a kan ƙuna marar zurfi kuma likitoci sun yarda da haka, sukarin cikinta yana tsotse ruwan da ƙwayoyin cuta ke rayuwa da shi, tana da ɗan tsami, tana kuma riƙe danshi, har akwai wadda ake tacewa a kashe ƙwayoyin cikinta musamman don asibiti. Matsalar ita ce wace zumar. Ita da take Ngaundere inda zuma take kamar ruwa ta ce ko a can sai ka san mai ita, balle wadda ta sha hannu uku kafin ta iso Garwa a tsohuwar kwalba, rabi sukari ne aka dafa. Kuma ciwon da ya riga ya yi mugunya da zazzaɓi ya wuce zuma. Inna ta ce dai an dawo gidanta. Man kaɗanya ma an ba ta shi, amma sai bayan ciwo ya rufe ruf, a riƙa murza tabon a hankali yana laushi, a kuma kare shi daga rana don kar ya yi baƙi.

Akwai ƙunar da ko ruwan aka zuba ba a zama da ita a gida: wadda ta fi tafin hannun mai ita, ko ta fuska, hannu, al'aura ko kan gaɓa, ko ta wutar lantarki, ko ta jariri, ko wadda wurin ya yi fari ko baƙi kamar fatar jima kuma ba ya zafi, wannan rashin zafin ba sauƙi ba ne, jijiyoyin ne suka mutu. Mai ciwon suga kuwa ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa kar ya tsaya wasa, kawuna ɗan ƙaramin ciwo ne a yatsa ya zama gyambo, ana ta barbaɗa masa gari har aka rasa yatsan.

Yanzu dai ƙafa ta warke, tabon ya fi nawa girma kuma na san da hannunmu a ciki. Tub ɗin nan na jefa shi a masai, na sayo serom da kompres da tul gra na ajiye a saman firiji. Yarinya ta koyi sauka ta hagu, har tsawa take yi wa ƙawayenta in za su sauka ta dama. Shekaranjiya jikan maƙwabciyarmu ya taɓa tukunya, na ji ihu na fita da gudu da buta ko ɗankwali babu, na tarar Inna ta riga ni, ta tsugunna bakin randa tana kwarara masa ruwa tana ce wa uwar ta duba agogo sai minti 20. Makilin ɗin kuma yana cikin ɗaya hannun nata, wai in an gama.